Tara tsofaffin agogunan hannu masu daraja: jagora ga mai shirin farawa

A watan Nuwamban 2021, kamfanin gwanjo na Phillips ya sayar da wani tsohon agogon Omega Speedmaster ƙirar 1957 a birnin Janiba kan sama da faran miliyan 3 na Suwizalan, kimanin dala miliyan 3.4. Kamfanin Omega da kansa ne ya saye shi don ya ajiye a gidan tarihinsa. A 2023 sai ta bayyana cewa agogon haɗe-haɗe ne, an tsinto sassansa daga agoguna daban-daban aka harhaɗa, har Omega ya zargi wasu tsofaffin ma'aikatansa uku da hannu a ciki. Maƙeran agogon da ƙwararrun 'yan gwanjo duk an yi musu sakiyar da ba ruwa.

Wannan ya isa ya nuna maka irin kasuwar da kake shirin shiga. Abu biyu ake biya wa kuɗi a tsohon agogo: kasancewar kowane sashe nasa na asali ne tun daga masana'anta, da kuma tarihin da za a iya kafa masa hujja. Sheƙi da ƙyalli ba sa cikin lissafi, sau da yawa ma su ne alamar an taɓa shi. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyi ne na tabbatar da waɗannan biyun kafin kuɗinka su bar hannunka.

Mataki na farko: ka san tarihin kafin ka san farashi

Wanda bai san abin da ya sa aka ƙera agogo ba, ba zai gane abin da ya sa wani ya fi wani tsada ba. Har farkon ƙarni na 20, agogon hannu kayan adon mata ne a Turai, namiji na aljihu yake riƙewa. A 1904 Louis Cartier ya yi wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, matuƙin jirgin sama ɗan Burazil, agogon ɗaurawa a hannu, saboda mai tuƙin jirgi ba shi da hannun laluben aljihu. Amma Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya sauya al'adar baki ɗaya. Hafsoshi a ramukan yaƙi suna bukatar kai hari a minti guda, suka ɗaura agogo a hannu, suka koma gida da shi a haka.

A 1926 Hans Wilsdorf, wanda ya kafa Rolex, ya fitar da Oyster, agogon da ake ɗaure murfinsa da makunninsa kamar noti don kada ruwa ko ƙura su shiga. Shekara guda bayan nan wata 'yar ninƙaya ta Ingila, Mercedes Gleitze, ta shafe sama da awa goma da shi a ruwan da ya raba Ingila da Faransa, ya fito yana aiki. A 1931 Jaeger-LeCoultre ya fito da Reverso, wanda ake juya fuskarsa ta koma ciki bayansa ya fito waje, domin hafsoshin Ingila masu wasan ƙwallon dawaki a Indiya sun gaji da fashewar gilashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin wasan a Katsina ko Kaduna ya ga yadda sanduna ke gwaruwa zai gane hikimar.

Shekarun 1950 zuwa 1960 su ne zuciyar wannan fage, lokacin da ake ƙera agogo a matsayin kayan aiki. Blancpain Fifty Fathoms da Rolex Submariner sun fito a 1953 don masu nutso a teku. An yi Rolex GMT-Master a tsakiyar shekarun 1950 don matuƙan jiragen Pan Am, yana nuna lokacin garuruwa biyu a tare. Speedmaster kuwa a 1957 aka yi shi don masu tseren mota, amma a 1965 hukumar NASA ta gwada shi da zafi da sanyi da girgiza tare da na wasu kamfanoni, shi kaɗai ya tsallake. A Yulin 1969 Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a hannu, Neil Armstrong ya bar nasa a cikin kumbo saboda agogon kumbon ya sami matsala. A 1970, da kumbon Apollo 13 ya lalace a sararin samaniya aka kashe yawancin na'urorinsa don tanadin wuta, da Speedmaster aka auna daƙiƙa 14 na kunna inji da suka daidaita hanyarsu ta komawa gida.

Sai ranar 25 ga Disamban 1969, Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ƙwayar dutsen quartz da aka sa a kasuwa, kan yen 450,000, kusan kuɗin mota a lokacin. Cikin 'yan shekaru agogon batir ya yi araha, ga shi ya fi na inji riƙe lokaci. Masana'antar Suwizalan ta durƙushe: ma'aikata kusan 90,000 a 1970 suka koma kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, ɗaruruwan kamfanoni suka rufe. An zubar da kayan gyara, takardu sun salwanta, an narkar da agogunan zinariya. Wannan ɓarnar ce tushen ƙarancin da ake gani yau. Labarin da ya fi taɓa ni a wannan zamanin shi ne na Charles Vermot, ma'aikacin Zenith a garin Le Locle. Da masu kamfanin na lokacin, Amurkawa, suka ba da umarnin daina ƙera agogon inji a 1975, sai ya riƙa kwashe kayan ƙera injin El Primero da zane-zanensa yana ɓoyewa a saman ginin masana'antar. Da kasuwa ta farfaɗo aka fito da su, har Rolex ya ɗora Daytona a kan wannan injin daga 1988 zuwa 2000.

A tsakiyar wannan rikicin ne mai zanen agogo Gérald Genta ya zana Royal Oak na Audemars Piguet da ya fito a 1972 da Nautilus na Patek Philippe da ya fito a 1976, agogunan farin ƙarfe da aka sa wa farashin da ya wuce na zinariya da yawa.

Mataki na biyu: ka zaɓi fage guda, ka ɗaure aljihunka

Masu harkar kan kira agogo tsoho idan ya kai shekara 30 ko ya wuce. Wannan fili ne mai faɗi, ba mai iya sanin duka. Ka ɗauki kamfani guda, ko zamani guda, ko aiki guda. Wani na soja kawai yake bi, kamar agogunan da ma'aikatar yaƙin Birtaniya ta yi oda daga kamfanoni goma sha biyu aka kawo a 1945, masu harufan W.W.W. da alamar kibiya a baya. Omega da Longines da IWC da Cyma duk suna ciki, na Grana ne ya fi wuyar samu, akwai masu shekara da shekaru suna neman cika goma sha biyun.

Ga mai farawa, ba na ba da shawarar Rolex na wasanni, irin su Submariner da Daytona. Can ne kuɗi suka fi yawa, can ne kuma 'yan damfara suka fi ƙwarewa. Ka fara da Omega Seamaster ko Constellation na shekarun 1950 da 1960, ko Longines, ko Universal Genève Polerouter wanda Genta ya zana a 1954 yana matashi, ko King Seiko da Grand Seiko na shekarun 1960. Ingancinsu ba ya ƙasa, kayan gyaran wasunsu suna samuwa, kuma idan ka yi kuskure asarar ba ta karya mutum.

Kafin ma ka leƙa waje, ka duba gida. A adakar dattawa da yawa akwai Rado da Seiko 5 da Orient da Citizen da aka yo tsaraba daga aikin hajji a shekarun 1970 da 1980. Yawancinsu ba su da tsada a kasuwar duniya, amma a kansu za ka koyi karanta lamba da duba inji ba tare da fargaba ba, kuma ka san hannun da ya ɗaura su. Idan na gado ne, ka nemi yardar sauran magada tukuna.

Musulmi namiji da ke guje wa sa zinariya bai yi asara ba a nan, domin a wasu tsofaffin agoguna farin ƙarfe kan fi tsada. Patek Philippe ya ƙera samfurin 1518 guda 281 kacal daga 1941, huɗu ne aka sani na ƙarfe, ɗaya daga cikinsu ya tashi kan faran miliyan 11 a 2016, nesa da na zinariya.

Game da kuɗi, ka ware kason gyara tun kafin saye, kuma kada ka shiga da kuɗin cefane ko jarin kasuwa da sunan za ka ci riba. Farashin agoguna ya yi tashin gwauron zabi har zuwa farkon 2022, daga nan ya sauko sosai, waɗanda suka saya a ƙololuwa da niyyar juyawa sun ji a jikinsu.

Mataki na uku: lambobi

Kowane agogon kirki yana da lamba uku: lambar samfuri, lambar siriyal, da lambar inji. Aikinka shi ne ka ga ukun sun yarda da juna, sun kuma yarda da fuskar agogon.

A tsohon Rolex sai an cire maɗauri ake ganinsu: lambar samfuri tana tsakanin ƙafafun riƙe maɗauri da ke wajen ƙarfe 12, siriyal tana wajen ƙarfe 6. A tsohon Omega siriyal tana jikin injin, lambar samfuri tana cikin murfin baya. Seiko ya fi sauƙi: a lamba shida da ke bayansa, ta farko ita ce ƙarshen shekara, ta biyu wata, inda O da N da D ke nufin Oktoba da Nuwamba da Disamba. Idan ta fara da 73, watan Maris ne na shekarar da ta ƙare da 7, samfurin injin ne zai gaya maka ko 1967 ce ko 1977.

Ga yadda ake amfani da su. Speedmaster ya yi amfani da inji mai lamba 321 har zuwa wajen 1968, sannan aka koma 861 a samfurin 145.022. Idan aka nuna maka samfurin 105.012, irin wanda ya je wata, ka buɗe ka ga 861, ciniki ya ƙare. Masu tara agoguna sun jera jadawalin siriyal da shekaru a intanet, ka gwada biyu ko uku da juna. Patek Philippe da Longines suna ba da takardar bayanin agogo daga kundinsu, ta Longines ta kan faɗi ranar da aka sayar da shi da ƙasar da aka tura shi. Sai dai takardar tana shaidar lambar da aka ba su ne, ba ta shaidar cewa fuskar da ke kan agogon yau ita ce ta ranar da ya bar masana'anta.

Mataki na huɗu: fuska, inda yawancin kuɗin yake

Idan za ka ƙware a abu ɗaya, ka ƙware a nan. A wasu agogunan fuskar kaɗai ta fi rabin darajarsu. Daytona da ake kira da sunan ɗan fim ɗin Amurka Paul Newman bai bambanta da sauran Daytona na zamaninsa a inji ko jiki ba, fuskar ce kawai daban, kuma a lokacin ba ta da farin jini, ta kan daɗe a kanti. Yau tana ninka farashi sau da yawa, shi ya sa jabunta ya cika duniya.

Ka sayi ɗan gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na maƙeran zinariya, da ƙaramar tocila mai hasken shuɗi irin ta duba kuɗin jabu. Ka sami hotuna masu kyau na samfurin da aka tabbatar, daga kundin manyan kamfanonin gwanjo, ka ajiye kusa. Sannan ka bi a hankali.

Fara da rubutu. Bugun masana'anta siriri ne, bakinsa a tsaye, tazarar haruffa daidai. Fuskar da aka sake wa fenti rubutunta kan yi kauri, layukan minti ba sa zama daidai da alamomin awa, wani lokaci fenti ya hau gefen alamomin. Agogon da ya shekara sittin amma fuskarsa fes kamar jiya aka yi ta, ka tambayi dalili. Akwai tulin agoguna da ake sake wa fenti mai launin kore shar ko ja a Indiya, a buga musu sunan Seiko ko Oris ko Favre-Leuba a zuba a intanet da araha. Araha ba ta ado.

Sai sinadarin da ke haske cikin duhu, wanda shi ne mashaidin shekaru mafi gaskiya. Har farkon shekarun 1960 da radiyom ake yi. Daga nan aka koma tiritiyom, aka riƙa rubuta T SWISS T ko SWISS T<25 a ƙasan ƙarfe 6, har zuwa wajen 1998 da aka koma sinadarin zamani marar illa. Ƙarfin tiritiyom yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, don haka na shekarun 1960 da 1970 ya riga ya mutu. Idan ka haska shi da tocila zai ɗan yi haske ya dushe nan da nan. Idan agogon 1968 ya ci gaba da haske kore shar na tsawon lokaci, an sake masa sinadari ko an canza fuskar. Ka kuma gwada launin da ke kan hannayen agogon da na alamomin awa. Abin da ya tsufa tare yakan yi kala kusan ɗaya, ruwan madara ko ruwan ƙwai. Hannaye farare tas a kan alamomi masu ruwan ƙasa na nufin an sauya hannayen.

Radiyom kuma ba abin wasa ba ne. Haskensa ya mutu, amma gubarsa na nan, sai bayan shekara 1,600 take raguwa da rabi. Shi ne ya hallaka 'yan matan da ke fentin fuskar agogo a Amurka a shekarun 1920, waɗanda aka koya wa lasar bakin burushi. Kada ka buɗe irin wannan agogon da kanka, kada ka ajiye shi a ɗakin kwana ko inda yara ke kaiwa, ka bar shi inda iska ke shiga.

Ba kowane tsufa ne aibi ba. Wasu baƙaƙen fuskoki na shekarun 1950 da 1960 sun rikiɗe sun koma ruwan goro saboda rana da yanayin fentin, kuma masu tarawa suna biyan ƙari a kansu. An fi samunsu a agogunan da suka yi rayuwa a ƙasashe masu zafi irin namu. Amma ka bambanta wannan da tabon ruwa, wanda ke zuwa da dabbare-dabbare da kumburin fenti. Na farko ado ne, na biyu ciwo ne, kuma galibi ya kai ga injin. Tun da abin ya yi kuɗi akwai masu gasa fuska da gangan, don haka launin da ya yi kyau fiye da kima shi ma a bincike shi.

Mataki na biyar: jiki da inji

Duk gogewar da aka yi wa agogo da injin gurza, ƙarfe ne aka cire wanda ba ya dawowa. Ka dubi ƙafafu huɗun da ke riƙe maɗauri: kaurinsu ɗaya ne? Gefunansu suna da kaifi ko sun zama sulɓi? A ganina agogo mai ƙarce-ƙarce da bai taɓa ganin injin gurza ba ya fi wanda aka goge yana walƙiya. Zoben da ya kewaye gilashi ma yana da zamaninsa. A Speedmaster na kafin wajen 1970 ɗigon da ke kusa da lamba 90 a samanta yake, a na baya kuma a gefenta, kuma wannan ɗan ɗigon yana sauya farashi ƙwarai.

Idan na zinariya ne, ka nemi hatimi: 750 na nufin karat 18, 585 karat 14, 375 karat 9. Tsofaffin na Suwizalan masu karat 18 suna da ɗan hoton kan mace, daga 1995 aka koma kan kare. Wanda aka yi wa ruwan zinariya kawai za ka ga ya ci a gefuna, wani ƙarfe ya leƙo.

Kada ka sayi tsohon agogo mai tsada ba ka ga injinsa ba, ko da a hoto ne. Ka duba tsatsa, da kan sukurori ko sun ci saboda sukundireban da bai dace ba, da launin sassan ko ɗaya ne. Ka wana shi ka ji ko yana tafiya sumul. Ka juya hannayen su zagaya awa 24 ka ga kwanan wata ya sauya. Ƙwararren mai gyara yana da na'urar da ke sauraron bugun agogo ta faɗi daƙiƙa nawa yake ƙarawa ko ragewa a rana. Tsohon agogon da bai wuce rabin minti a rana ba lafiyarsa ƙalau.

Mataki na shida: waye ya ɗaura shi, kuma ina hujja?

Daytona na Paul Newman na kansa, kyautar matarsa Joanne Woodward da rubutunta a bayansa, ya tashi kan dala miliyan 17.75 a Oktoban 2017, alhali irinsa kimanin dala 200 ne a kanti a shekarun 1960. Rolex samfurin 6062 da Bao Dai, sarkin Biyetnam na ƙarshe, ya saya a Janiba a 1954 lokacin taron sulhun yankinsa, ya kai kimanin dala miliyan 5 a 2017. Agogunan da Sarkin Oman Qaboos ya riƙa rabawa kyauta, masu tambarin wuƙar ƙasar a fuska, suna da kasuwarsu daban.

Labari irin wannan yana da daɗi, shi ya sa kowane dillali yake da nasa. Abin da za ka karɓa shi ne rasit na asali, katin garanti mai siriyal ɗin da ya dace, hoton mai shi sanye da agogon, wasiƙar iyali, takardun gyara. Kwali da takardu ma ana sayar da su daban a haɗa, don haka siriyal ɗin takarda da hatimin kanti da kwanan wata su ma a gwada su.

Mallaka ita ma abin bincike ce. A 2015 an dakatar da gwanjon wani Patek Philippe na Sarkin Habasha Haile Selassie a Janiba bayan iyalansa sun kai ƙara, sai a 2017 aka sayar da shi. Akwai kundin agogunan sata mai suna The Watch Register da ake biyan kuɗi kaɗan a duba siriyal. Ka duba kafin ka biya, domin kayan sata ko ka saya da zuciya ɗaya ana iya karɓewa.

Mataki na bakwai: wurin saye

Manyan kamfanonin gwanjo, Phillips da Christie's da Sotheby's da Antiquorum, suna manyan gwanjonsu a Janiba a watan Mayu da Nuwamba, da kuma Hong Kong da Niyok. Ko ba za ka saya ba, kundinsu makaranta ce kyauta. Idan za ka taya, ka tuna ana ɗora la'ada ta kusan kashi 25 cikin ɗari ko fiye a kan farashin da aka buga guduma, ban da kuɗin aikowa da na kwastan da canjin kuɗi. Ka nemi rahoton lafiyar agogon a rubuce, ka yanke iyakarka kafin a fara, kada zafin gwanjo ya ja ka.

Wajen dillali, mutumin za ka fara bincika kafin kayansa. Shekara nawa ya yi a harkar? Zai rubuta maka a rasit abin da ke na asali da abin da aka sauya? Zai karɓi kayansa idan wani ƙwararre ya gano matsala? Dillalin kirki shi zai fara nuna maka aibin agogon. A kasuwannin intanet irin Chrono24 ka bi tsarin da ke riƙe kuɗi har kaya su iso hannunka, kada a ja ka gefe da sunan ragi. Ka sa mai sayarwa ya saita agogon a lokacin da ka faɗa masa ya ɗauko hoto, don ka san yana hannunsa. Wanda ke gaggauta ka, wai wani na jira, ka bar wa wancan ɗin.

Maɗaurin fatar kada yana ƙarƙashin dokar kare namun daji ta duniya, yana iya sa a tsare kaya a iyaka. Ka ce a cire shi kafin a aiko.

Mataki na takwas: gyara da ajiya

A nan ne agoguna masu kyau da yawa suke mutuwa, a hannun masu su. Injin yana son wanki da sabon mai kamar duk shekara biyar idan ana sa shi. Masu gyaran agogo na kasuwanninmu akwai masu hannu sosai a cikinsu, musamman dattawan da suka koyi aiki kafin zuwan agogon batir, kuma sun san Seiko da Rado ciki da bai. Amma kafin ka miƙa agogo mai tsada, ka tambaya ko yana wargaza injin gaba ɗaya ya wanke ko tsoma shi yake yi a fetur, wane mai yake sawa, da me yake buɗe murfi. Ka fara gwada shi da ƙaramin agogo.

Kamfanin da ya ƙera agogon ma sai ka yi hattara da shi, domin burinsa ya mayar maka da shi sabo: ya sauya fuska da hannaye da zobe, ya goge jiki. Agogo ya dawo yana sheƙi, rabin darajarsa ta tafi. Ko wa za ka ba, ka rubuta sharaɗi: a gyara inji kawai, kada a goge jiki, kada a taɓa fuska da hannaye da sinadarin haske, duk abin da aka cire a dawo maka da shi.

Ka ɗauka cewa tsohon agogo ba ya jure ruwa, ko da an rubuta mita 200 a fuskarsa, domin robobin da ke toshe shi sun bushe. Ka cire shi kafin alwala da wanka. Idan ka ga gumi a cikin gilashi, ka kai shi wurin mai gyara a ranar. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ka tabbata makunnin a rufe yake. Da damina ka sa 'yan ƙunshin shanye laima a akwatin ajiya. Ka nisanta shi da lasifika da maganaɗisun jakar waya, suna sa shi gudu. Ka cire shi daga hannu kafin ka wana shi, ka tsaya da zarar ka ji ya yi tauri, kuma kada ka sauya kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba, lokacin da haƙoran injin ke cikin aikin sauyawa.

Ka buɗe wa kowane agogo fayil: lambobinsa uku, hotunan fuska da baya da inji a ranar da ka saya, rasit, sunan wanda ya sayar maka, da duk gyaran da aka yi da kwanan wata. Ka ajiye kwafi a wani wuri daban da inda agogunan suke, ka kuma sanar da wani amintacce a cikin iyalinka inda fayil ɗin yake. Idan an yi sata, da siriyal za ka kai rahoto wurin 'yan sanda da kundin agogunan sata, idan kuma sayarwa ta taso, fayil ɗin ne mai saye na gaba zai fara nema.